Watan da Tilo Ya Bar Taba

Asabar, da hantsi

Na zama kaka. Na rubuta shi a saman shafi don in riƙa ganinsa. Mace ce. Ta zo kafin lokacinta, bakwaini, don haka an sa ta a kwalba, amma kukan da ta tsala sai da nas ta ce wannan ba da wasa ta zo ba. Na leƙa ta ta gilashi. Tafin ƙafarta bai kai babban yatsana ba. Ta ɗaure fuska kamar wadda ta zo duba aiki ta tarar an ɓata, shi ya sa na sa mata Manaja.

Tsohuwata, wato matata, ta ce, "Farfesa, rufe bakin nan haka, kada ƙuda ya shiga." Tun da na shiga makarantar yamma da furfura a kaina take kirana Farfesa. Yau ko me ta kira ni zan amsa.

Tilo, ɗana, uban yarinyar, yana tsaye a bayana yana ta goge hannu a wando. Shi kaɗai Allah ya bar mana. Maijego tana lafiya, ta gaji dai. Mahaifiyarta, Malama, wadda ta daɗe tana shugabantar makarantar firamare kafin ta yi ritaya, ita ce ke jinyarta.

Nas ta tara mu a baranda ta ce ƙirjin jaririyar bai yi ƙwari ba. Ta ce hayaƙin taba zai iya cutar da ita, har wanda ya maƙale a riga da hannu. Malama ba ta dubi kowa ba sai Tilo. Ta ce, "Ka dai ji da kunnenka. Mai warin taba ba zai ɗauke ta ba."

Tilo ya ce, "To, Mama." Ya dubi ƙasa.

Ban bar wannan ya ɓata mini rana ba. Na zama kaka.

Lahadi, da yamma

Na faɗa wa mai shayi, na faɗa wa mai faci, na faɗa wa wani da ya tsaya tambayar hanya. Tsohuwa ta ce saura karen maƙwabta.

Litinin, da rana

Malamin makarantar yamma ya sha ce mana abin da ya tsaya wa mutum a maƙogwaro ya sa shi a takarda. To, bari in sa sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Tilo ya sha ƙwayoyi. Daga nan kansa ya taɓu, yana jin ana yi masa magana ba kowa a ɗaki. Sau biyu ana kwantar da shi a asibitin masu irin wannan lalura. Yau shekara biyu ke nan yana lafiya. Yana shan maganin likita kullum kafin ya kwanta, yana zuwa a duba shi duk wata, yana aiki da ni a shagon kafinta, kuma hannunsa a kan katako ya fi nawa. Maijego ta san komai kafin ta aure shi. Malama ma ta sani, ba ta so ba, ta dai haƙura.

Taba kuwa a asibitin nan ta yi masa yawa. Da ya shiga yana shan kara uku ko huɗu, da ya fito yana tashi da kwali ɗaya da rabi a yini. A can bayan an ci abinci ake raba musu, wai don su zauna lafiya. Na taɓa yi wa tsohon likitansa magana, ya ce, "Baba, bar masa wannan. Ba ita ta kawo shi nan ba." Na bar masa.

Shi ke nan, na rubuta.

Laraba, da safe

Yau don murna rubutun ma ya karkace.

Muna buɗe shago Tilo ya zaro kwalin taba da laita daga aljihu ya ɗora mini a kan benci. Na ce, "Ni kuma tun yaushe na fara?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, na daina. Daga yau. Ranar da aka fito da ita daga kwalba da hannuna zan karɓe ta."

Sai na ce, "Miƙo mini tef ɗin awo."

Ya ce, "Amma kada ka faɗa wa kowa. Ko Inna. In na kasa, ba na son a yi mini kallon nan." Na san kallon da yake nufi. Na yi masa alkawari. Na jefa kwalin a ƙasan akwatin ƙusa na kulle.

Mun fara yi wa Manaja gado. Shi ya zana, shi ya zaɓi katako. Ya ce ba za a sa fenti ba, warin zai dame ta a ƙirji, samfefa kawai har sai ya yi santsi kamar kumatunta. Ya ɗauko gudumar nan mai jan ƙota, wadda na ba shi ranar da ya dawo daga asibiti karo na biyu. Ba ya barin kowa ya taɓa ta, har ni.

Juma'a, da yamma

Ya cinye mini fensir biyu da tauna. Ya yi wa mai kawo katako tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ya bi shi har titi ya ba shi haƙuri. Mai tebur na bakin layi ya tare ni ya ce, "Baba, ko na yi wa Tilo laifi ne? Ya daina ko kallon tebur ɗina." Na ce wataƙila ya sami mai araha. Na wuce ina dariya a ciki.

Manaja ta ƙara nauyi. Nas ta ce tana shan nono kamar mai biyan bashin yunwa.

Alhamis, da azahar

Ranar ganin likita. Na raka shi kamar kullum. Layi har bakin ƙofa, mun zauna tun safe a kan bencin da ƙafarsa ɗaya ke rawa. Duk zuwa sai na ji kamar in zo da ƙusa.

Da muka shiga likita ya tambaye shi barci, ya ce lafiya. Muryoyi, ya ce babu. Wancan abin, ya ce babu. Yana shan magani, ya ce yana sha. Likita ya ce madalla, a ci gaba da shi yadda yake.

Maganar tana bakina. Na buɗe baki in ce, Likita, ka san abin da yaron nan ya yi? Sai Tilo ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur. Na mayar da ita tari. Ba wanda ya tambayi taba. Ba a taɓa tambaya ba.

A mota ya yi barci a kafaɗata har muka wuce tasharmu.

Asabar, da rana

Na same shi yana barci a tsaye, samfefa a hannu. Gajiya ce. Kullum sai ya je asibiti wajen Maijego bayan an tashi aiki.

Litinin, da safe

Tsohuwa ta ce matashinsa a jiƙe take samunsa da miyau. Ta faɗa tana kallona. Na ce zafi ne. Ta ce, "Farfesa, zafi a baki yake fita?" Na wuce shago.

Manaja tana lafiya.

Talata, da yamma

Ya auna ƙafar gado sau uku, ya yanka ba daidai ba. Tilo. Wanda yake auna abu da ido.

Laraba, da hantsi

Gajiya ce.

Alhamis, da yamma

Gobe za a sallame su. Gado ya kusa, saura sanduna na gefe ɗaya. Tilo ya wanke sabuwar rigarsa duk da ba a taɓa sa ta ba, ya shanya ta nesa da kicin. Ya yanke farce. Ya zo ya miƙo mini hannuwansa ya ce, "Baba, shinshina." Na shinshina. Sabulu da katako.

Harshensa ya ɗan yi nauyi da ya faɗa. Ban sani ba, wataƙila kunnena ne.

Juma'a, bayan la'asar

An kawo Manaja gida.

Ba zan rubuta sauran yau ba.

Asabar, da safe

Zan rubuta, don in ban rubuta ba zan yi ta jin sa a kaina.

Muna falo. Maijego a kan kujera da yarinya cikin farin tawul, Malama a gefenta, Tsohuwa tana ta kai da kawo. Na kasa riƙe alkawari, na miƙe na ce, "Jama'a, ina da albishir. Tilo ya bar taba tun satin da aka haifi Manaja. Ko kara ɗaya." Maijego ta rufe baki da hannu. Malama ma fuskarta ta saki, ta ce, "To, ina yake? Ya zo ya karɓi 'yarsa."

Na je na tashe shi, don ya ce zai ɗan kishingiɗa. Da ƙyar ya tashi. Ya fito cikin sabuwar rigar yana dafa bango. Ya zo tsakiyar falo ya miƙa hannuwa biyu, ya ce wani abu da ba wanda ya gane. Idonsa a lumshe. Miyau ya sauko masa a kan rigar. Gwiwarsa ta bugi tebur, kofi ya faɗi ya fashe.

Maijego ta riga ta fara miƙa yarinyar. Na ga hannunta ya tsaya a hanya. Na ga ya koma.

Malama ta ce a hankali, "Baban Tilo, wannan ba rashin taba ba ne. Ya bar ƙarama ne ya koma wa babba."

Tilo ya ce, "Mama, wallahi," sauran ya narke a bakinsa.

Kafin magariba sun kira mota. Maijego tana kuka ta durƙusa ta ce, "Baba, ka yafe mini, ba zan iya kwana da ita a nan ba." Na ce, "Je ki, 'yata." Me zan ce? Na ɗaukar musu jaka har mota.

Gadon yana shago. Ba ta ma gan shi ba.

Lahadi, da rana

Gidan shiru. Tawul ɗaya suka manta a kan igiya. Tsohuwa ba ta sauke shi ba, ni ma ban sauke ba.

Litinin, da safe

Na cire makullin injin yanka katako na sa a aljihuna. Na ce masa injin ya lalace. Ya dubi injin, ya dube ni.

Talata, da azahar

Babu komai a aljihun wandonsa. Babu komai a ƙarƙashin katifa, babu a cikin takalma, babu a bayan madubi. Kwalin tabar yana nan cikin akwatin ƙusa yadda na ajiye shi.

Ban ji shigowarsa ba.

Laraba, da safe

Ya fito da aljihunansa duka biyu a zare, suna reto a waje. Haka ya zauna ya karya, haka ya bi ni shago, haka ya wuce gaban mai shayi da mai faci. Na ce, "Mayar da aljihunka ciki, mutane suna kallo." Ya ce, "Don in rage maka wahala ne, Baba." A hankali ya faɗa, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗaukar kaya.

Alhamis, da yamma

Yau ma a zare.

Na kira Maijego. Manaja tana lafiya. Na ji kukanta ta waya. Maijego ta ce, "Baba, ya faɗa maka inda yake samu?" Na ce har yanzu yana cewa bai sha komai ba. Ta ce, "Wancan karon ma haka ya ce."

Gaskiya ta faɗa. Wancan karon ma haka ya ce.

Asabar, da la'asar

Ya faɗi a shago. Jikinsa ya yi abin da ban taɓa gani ba, ba kuma na so in sake gani. Mai faci da mai shayi suka kama mini shi. Kansa a cinyata har asibiti, garin katako duk a gashinsa, ina ta cire masa kamar wannan ne ciwon.

An kwantar da shi. Sashen nan na da dai. Har gadon kusa da taga.

Lahadi, da safe

Tsohuwa ba ta ce mini Farfesa ba tun jiya.

Litinin, da azahar

Wata sabuwar likita ce ke duba shi, yarinya, ba ta wuce sa'ar Maijego ba. Ta kira ni ofis ta ce an gwada jininsa da fitsarinsa. Ta ce, "Baba, babu abin da kuke tsoro. Ko ɗigo. Abin da ya yi masa yawa a jini maganinmu ne."

Na ce to ya ninka sha ke nan? Ta ce an lissafa abin da ya rage a kwalbar maganin, daidai yake. Ta riƙa juya biro a hannu. Sai ta ce, "Yana shan taba?"

Na ce, "Ya daina."

Ta ajiye biron. Ta ce, "Yaushe?"

Na faɗa mata. Ta ce nawa yake sha da, na faɗa mata. Ta ce lokaci ɗaya ya yanke, na ce rana ɗaya. Ta rufe ido kaɗan.

Zan rubuta yadda ta yi mini bayani, don na sa ta maimaita. Ta ce hayaƙin taba yana sa hanta ta riƙa cinye irin wannan maganin da sauri. Ba kowane magani ba, amma nasa yana ciki. An auna masa magani ne a kan jikin mai shan kwali da rabi. Da ya daina, hanta ta koma tafiyarta ta da, magani ya riƙa taruwa a jini. Barcin, miyan, nauyin harshe, faɗuwar, duk daga nan ne.

Na ce, "Ashe dainawar ce ta kayar da shi."

Ta ce, "A'a, Baba. Dainawar ita ce abu mafi kyau da ya yi wa kansa. Da mun sani, da mun rage masa maganin sannu a hankali muna dubawa, da mun ba shi abin da zai rage masa ƙishirwar tabar. Da bai faɗi ba."

Na ce mun zo ganin likita a tsakiyar abin, ba wanda ya tambaye mu.

Ta ce, "Na sani. Mu ya kamata mu tambaya."

Na tuna ƙafarsa a kan ƙafata. Na tuna tarin da na yi.

Litinin ɗin dai, da yamma

An bar ni na shiga. Ya farka, idonsa ya ɗan washe. Na zauna a bakin gado na ce, "Gwaji ya fito. Babu komai."

Ya ce, "Na sani, Baba. Ni ai na sani."

Ya juya fuska ga taga. Na zauna har aka kaɗa ƙararrawar tashin baƙi. Rigar asibiti ba ta da aljihu.

Talata, da hantsi

Na faɗa wa Tsohuwa. Ta zauna a ƙasa a kicin ta rufe fuska da zane. Da ta gama ta ce, "Ni ce na fara kawo maka maganar matashi." Na ce ni ne na ɗaga katifa. Muka bar shi a nan. Ta sauke tawul ɗin daga igiya ta ninke.

Laraba, da la'asar

Na je gidan Malama. Ta ba ni kujera da ruwa, ta zauna ta naɗe hannu kamar na zo neman a mayar da ɗana aji. Na yi bayanin hanta da hayaƙi. Ta sa na maimaita, ta yi tambayoyi, wasu na iya wasu na ce a tambayi likita. Maijego tana tsaye a bakin ƙofa da Manaja a kafaɗa. Da na kai wajen gwaji sai ta sulale ta zauna a dokin ƙofa. Ta ce, "Ya rantse mini, Baba. A falo ya rantse."

Malama ta warware hannunta. Sannan ta ce, "Na ɗora masa abin da bai yi ba, a gaban matarsa da iyayensa. Zan je in faɗa masa da bakina." Ta ƙara da cewa, "Amma Baban Tilo, ƙirjin yarinyar yana nan yadda yake. Maganar taba tana nan."

Na ce ai ya bari. Na faɗa da ƙarfi.

An ba ni Manaja na riƙe. Ta yi mini fitsari a riga. Na ce manyan ma'aikata haka suke gaisuwa. Ba wanda ya yi dariya sai Malama, kaɗan.

Juma'a, da yamma

Ban same shi a gado ba. Aka ce yana bayan sashe, wajen bishiya.

Su bakwai ko takwas ne a kan benci, hayaƙi ya turnuƙe ƙarƙashin ganye. Yana tsakiya. Ya gan ni, bai ɓoye ba, ya ja ya busa gefe. Wani dattijo cikinsu da suke kira Kyaftin ya ce, "Baba, zauna mana, nan ne majalisar ɗinkin duniya." Ban zauna ba.

Tilo ya ce, "Da ina sha ina aiki, matata tana gida, kana ba ni makulli. Na bari, ka ga yadda na koma. Ashe ni ba na zama mutum sai da ita."

Na ce ba haka likita ta ce ba. Ya ce, "Likita ba ita aka ɗauke wa 'ya ba."

Shekaranjiya na faɗa wa Malama da ƙarfi.

Asabar, da safe

Ban buɗe shago ba.

Litinin, da rana

Na sami likitar a baranda tana sauri, na bi ta muna tafe muna magana. Ta san ya koma shan taba. Ta ce tun da ya koma dole su sake duba maganin, don yanzu kowace kara tana taɓa awonsa, shi ya sa suke so ya riƙa faɗa musu gaskiya ko ya sha ko bai sha ba. Ta ce sun fara wani tsari a sashen, duk wanda ya shigo ana tambayarsa taba kamar yadda ake tambayarsa barci. Akwai filasta da ake manna wa mutum a dantse, da cingam na musamman, masu kashe ƙishirwar ba tare da hayaƙi ba. Akwai zama duk Laraba da wata nas da suke kira Sista. Ta ce tsofaffin ma'aikata suna gunaguni, wai in an taɓa tabar marasa lafiya sashe zai birkice. Ta ce, "Muna warkar da kai, mu sallami mutum ƙirji ya kashe shi. Na gaji da ganin haka."

Na ce ta tilasta masa. Ta ce, "Baba, ya taɓa bari shi kaɗai, ba magani, ba mai taya shi, har kusan wata. Mutanen da suka iya haka ba su da yawa. Ba tilas yake buƙata ba. Tsoro yake ji."

Da ni aka tsorata shi. Wannan ba ita ta faɗa ba.

Laraba, da yamma

Sista ta ce ya zo zaman, ya tsaya a bakin ƙofa, bai shiga ba. Ta ce, "Baba, bakin ƙofa ma wuri ne. Kyaftin ya yi wata biyu a nan kafin ya shigo, yanzu shi ke hana kowa magana."

Malama ta je wajensa. Ban san abin da suka ce ba. Sista ta ce ta fito tana gyara tabarau.

Na kai masa makullin injin. Na ajiye a kan durowa. Nas ta biyo ni da shi a baranda, wai ba a barin ƙarfe a sashen. Na dawo da shi a aljihuna.

Alhamis, da hantsi

Saura sandunan gefe ɗaya. Zan iya gamawa kafin azahar. Ban taɓa ba, na rufe gadon da zane saboda ƙura.

Lahadi, da la'asar

An kawo Manaja asibiti. Ba a shiga da jarirai sashe, sai aka fito da shi lambun gaba, inda babu masu hayaƙi. Maijego, Malama, Tsohuwa da ni. Tsohuwa ta kawo masa rigar nan, ta wanke ta goge.

Ya fito yana tafiya daidai. Idonsa a buɗe, harshensa sarai. Ya gaida Malama, ya gaida uwarsa. Ya dubi Maijego, ta dube shi. Ita ce ta tashi. Ta buɗe tawul ta miƙa masa yarinyar, wannan karon hannunta bai tsaya ba. Malama tana kallo, ba ta hana ba.

Tilo ya ɗaga hannu. Sai ya kai yatsunsa hanci. Ya ja wuyan rigarsa ya shinshina. Ya mayar da hannuwansa baya ya riƙe ɗaya da ɗaya.

Ya ce, "Na sha da safe."

Maijego ta ce, "Ka yi wanka ai. Minti ɗaya kawai."

Ya ce, "Nas ta ce har wanda ya maƙale. Ba yau ba."

Ya ja da baya taku ɗaya. Ya ce, "Ba wa Baba." Aka ba ni. Na juya ta yadda zai ga fuskarta. Ta buɗe ido ta ɗaure masa fuska irin tata. Ya yi dariya, hawaye yana bin dariyar, bai saki hannuwansa ba balle ya share.

Ya ce, "Baba." Tun ranar gwaji bai sake kirana haka ba. Ya ce, "Nauyinta kamar me?"

Na rasa abin da zan kwatanta. Na ce, "Kamar gudumarka mai jan ƙota."

Ya gyaɗa kai. Na ga ya saki hannun dama yana ɗan ɗaga shi a gefensa, yana aunawa.

Da aka kaɗa ƙararrawa ya ce da ni, "Kada ka gama gadon." Na ce ban taɓa ba.

Litinin, da safe

Sista ta kira. Ta ce tun kafin a raba abin kari Tilo ya zo ya naɗe hannun riga, ya ce a kira likita ta fara duba maganin tukuna, sannan a manna masa filastar. Ta ce kada in yi murna da yawa, wasu sai sun fara sau da yawa. Na ce ban yi ba. Wannan karon ban faɗa wa ko mai shayi ba.

Na buɗe shago. Na ɗauki gudumarsa, karon farko tun da na ba shi ita, na riƙe ta a hannu biyu yadda na riƙe Manaja jiya.

Manaja ta fi ta nauyi. Kuma kullum ƙaruwa take.